Bangon da Bai Kama Ƙasa Ba

"Tashi daga kan ƙarfen nan, Auta."

"Ba zan tashi ba, Yaya."

A haka Sufeto ya same su da ya hau saman ginin, Kofur na biye da shi. An buga wa ofis waya cewa bango ya faɗa wa wani mai fenti, kuma ya cika kafin a kai asibiti.

Budurwa ce zaune a kan tarkacen, da rigar aiki da hular kwano, ƙura ta yi mata fari a gira. Wani ƙato ya tsaya a kanta, masu baro na jira a bayansa.

"Wa ya ce a kwashe?" in ji Sufeto.

"Ni ne ɗan kwangilar, Yallaɓai. Gudun kar wani ya sake jin ciwo nake. Wannan ƙanwata ce, tun tana goye take da taurin kai."

"Kowa ya fita. Ke, zauna inda kike."

Bangon ba na bulo ba ne. Irin wanda ake raba babban ofis da shi ne: ya ɗan ɗara mutum tsawo, bai taɓa silin ba, bai jingina da komai ba. Akwai dogon ƙarfe mai kama da kwata da ake kwantarwa a ƙasa, a jera sandunan ƙarfe a tsaye cikinsa, sannan a rufe gaba da baya da alluna. Mai fenti ya jingina tsani ya hau, bangon ya tafi, ya dawo ya danne shi.

"Wa ya haɗa shi?"

"Ni na haɗa," in ji Auta.

"Me ke riƙe da shi?"

"Daɓe kawai, Yallaɓai. Ana huda daɓen, a zura noti mai tsawon yatsa ta cikin ƙarfen ƙasa, a ɗaure tam. In babu wannan, ko yaro ya tura shi zai faɗi."

"Kin ɗaure?"

"Na ga notocin a jere kafin in rufe da alluna."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Wa ya ɗaure su?"

Ta kalli ƙofar da yayanta ya fita.

Sufeto ya durƙusa a inda bangon ya tsaya ɗazu, ya shafa tayil ɗin. Sumul yake. Babu rami ko ɗaya.

Da Sufeto ya sauka, ya tarar da mai ginin a ƙasa, ya jingina da motarsa yana ta share gumi.

"Ni me na sani game da noti, Sufeto? Aiki na bayar, ban taɓa sa musu baki ba."

"To. Kofur, nemo injin huda, mu ga kaurin daɓen nan."

Mutumin ya zabura. "Kar ku taɓa min tayil. Shi kansa ɗan kwangilar na gaya masa, in ya huda min ko ɗaya ya kwashe komatsansa, in kira wani."

"Ashe kana sa baki."



Sufeto ya koma sama, ya sa aka kira yayan.

"Ina kake lokacin da aka kafa ƙarfen ƙasa?"

"Ina kasuwa wajen alluna. Ita ta yi komai. Ita ce mai digiri ai, mu bayan mahaifinmu kawai muka bi. Ko shawara ba ta karɓa."

Auta ta ɗago ta dube shi. Idonta ya kaɗa, amma ba ta bari hawaye ya sauko ba.

"Yanzu ki tashi," in ji Sufeto.

Ta miƙe. Abin da ta zauna a kai tun safe ƙarfen ƙasan ne, kawunan notocin a jere a cikinsa. Sufeto ya murza ɗaya da yatsa, ya ɓalle ya faɗo tafin hannunsa. Kai ne kawai, an yanke gindin, an manna shi da gam. A kan kowanne an zana ɗan zobe da shuɗin alƙalamin maka.

Ya bi sandunan tsaye da kallo. Nan ma akwai shuɗin maka a kan kowace ƙusa, amma gicciye ne, ba zobe ba.

Ya sa Kofur ya ɗauki ƙarfen, ya tafi da su duka biyun.

A ofis aka sa Auta bayan kanta, tunda ita aka nuna. A benci matar mai fenti na zaune, kwanon abincin da ta kai wa mijinta yana cinyarta, ko buɗe shi ba a yi ba.

Da la'asar mahaifiyarsu ta iso, mayafi a karkace, takalmi ɗaya a hannu. Ta ga ɗanta tukuna, sannan ta zo ta kama ƙarfen kantar da aka tsare Auta. Sufeto na jin su daga teburinsa.

"Auta, ki ce kuskure kika yi. Ke mace ce, alƙali zai tausaya miki. Shi mata gare shi da yara, shi ke riƙe da mu."

"Umma, mutum ya mutu. Ga matarsa can."

"Na roƙe ki da nonon da kika sha."

Auta ta runtse ido.

"Ban ambaci sunan kowa ba, Umma, ba kuma zan ambata ba. Amma ba zan ce na yi abin da ban yi ba. Shekarun da na yi ina hawa gini maza na min dariya, ban taɓa barin ƙusa a kwance ba. Yau ba zan ce na bari ba."

Sufeto ya taso ya ba tsohuwar kujera da ruwa.

"Mama, an ce mahaifinsu ne ya koya musu aikin."

"Shi ne, Allah ya ji ƙansa. Ba ya wasa da aiki. Duk abin da suka ɗaure sai sun sa masa alama, don in ya kwance ya san kunnen da zai ja."

"Kowa da tasa?"

"Kowa da tasa. Ita gicciye, shi zobe."

Sufeto ya ajiye kan notin a kan tebur, ya sa aka shigo da yayan.

Yayan ya daɗe yana kallon shuɗin zoben. Sannan ya zauna a ƙasa.

"Ta ce ba za ta rufe bangon ba sai an huda. Mai ginin kuma ya ce in na huda, aiki ya tafi. Na ce mata ta je gida, ni zan ɗaure. Na san in ba ta ga alamata ba, sai ta murza kowanne da hannunta." Ya rufe fuska. "Na ɗauka nauyin allunan zai riƙe shi. Wallahi haka na ɗauka."

Kofur ya sa masa ankwa, aka wuce da shi ciki. Sufeto ya tura a zo da mai ginin, sannan ya buɗe wa Auta da kansa.

Ta fara zuwa gaban matar mai fenti, ta durƙusa ta yi mata gaisuwa. Da ta juya ta miƙa wa mahaifiyarta hannu, tsohuwar ta janye mayafinta.

"Kalma ɗaya na roƙe ki."

Ta fita ba ta waiwaya ba.

"Kina da inda za ki kwana?" in ji Sufeto.

"Zan nema."

Ta ɗauki hular kwanonta daga kan kantar ofis, ta kakkaɓe. Da safe ta fito daga gida tana da uwa, da yaya, da aiki. Da yamma ta fita daga ofishin 'yan sanda babu ko ɗaya, sai sunanta da ba a rubuta a takardar tuhuma ba.