Shagon Kwana

An idar da sallar magariba, Malam Maje yana zaune a kan tabarma a tsakar gidansa na Tarauni, tabarau a kan hanci, yana duba lissafi a wani tsohon littafin rajista. Matarsa Huraira tana kwashe tuwo. 'Yarsu Safiyya, wadda ta gama sakandare a wannan shekarar, tana wanke kwanuka a bakin rijiya. Unguwa ta yi tsit, in ban da rediyon maƙwabta. Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali, ya tsaya a gefen ƙafar maigidan.

Ya ɗauka ya duba a hasken fitila. Tsakuwa ce, da ɗanyen siminti a jikinta.

"Yaran unguwa ne, Malam," in ji Huraira.

"Yaran unguwa ba sa jifa da siminti," ya ce. Ya san tsakuwar. Shi ya saye ta, tifa biyu, aka juye a gininsa na Gyadi-Gyadi.

Shekara talatin da biyar Malam Maje ya yi yana koyar da lissafi, bai taɓa cin kwabon kowa ba. Ya yi ritaya a shekarar da soja suka koma bariki, lokacin da kowa ke cewa kasuwa za ta buɗe. Yana da filin gado a bakin titi a Gyadi-Gyadi, sai ya zuba kuɗin sallamarsa don gina shaguna biyar. Huɗu suka kai linta, kuɗi suka ƙare. Banki ya ce sai an yi rufi za a saurare shi. A nan ne aka haɗa shi da Alhaji Isyaku, mai ba masu gini rance na ɗan lokaci. Ya ba shi naira dubu ɗari huɗu na kwana casa'in, ya karɓi takardar gidan Tarauni jingina. Goma cikin ɗari duk wata, wai ladan jira. Duk wanda ya zauna a aji huɗu na firamare ya san wannan ruwa ne, ko da wane suna aka raɗa masa. Malam Maje ma ya sani. Ya dai lissafa cewa 'yan haya za su biya shekara biyu gaba ɗaya, kuma shagon kwana shi kaɗai, wanda Madam Clementina mai kemis ta riga ta ba da kafin alƙalami a kansa, zai kawo dubu ɗari biyu da ashirin.

A inda shagon kwanar zai tsaya akwai tsohuwar tsamiya. Mai saran itacen da aka kira ya zagaya ta sau biyu, ya ajiye gatari.

"Malam, irin wannan ba a taɓa ta sai an yi sallama. A tsaya a gindinta a faɗa wa masu wurin, a ba su kwana uku su kwashe nasu."

Malam Maje ya buga lissafi a ka. "Kwana uku naira dubu huɗu ne a wurin Alhaji Isyaku. Sare."

Aka sare.

Tun daga wannan magariba ta tsakuwa, gidan bai sake zama daidai ba. Kullum rana ta faɗi, jifa ta fara, ba ta fasa komai, ba ta samun kowa. Bayan isha sai a ji wata murya ta tsohuwa daga ɗakin ajiya, inda babu kowa sai buhun masara, tana ƙirga. Ɗaya. Biyu. Uku. Sai ta yi shiru mai tsawo, ta sake farawa. Huraira ta daina shiga ɗakin. Malam Maje ya leƙa da tocila har sau bakwai, ya rubuta ranaku da lokuta a bayan littafinsa, don ya kai ƙarar wanda ke yi masa wannan iskanci. Bai ga kowa ba.

A mako na biyu Safiyya ta daina cin abinci. Ta ce duk abin da ta sa a baki tsami yake yi mata. Sai ta koma zama a lungu ɗaya, bayanta jingine da bango, idanunta a buɗe ba ƙiftawa. Ranar kwana saba'in da ɗaya da karɓar rancen, Huraira ta kai mata kunu, yarinyar ta ɗago kai ta ce da muryar ɗakin ajiya, "Ba ke nake jira ba. Kira mai lissafin."

Kofin ya suɓuce daga hannun uwar.

Daga Daurawa aka ɗauko Malam Abdullaɗif, dattijo mai ƙarancin magana, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya yi alwala, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya sa uwar ta riƙe ta. Ya daɗe yana karatu da murya ƙasa-ƙasa. Da ya kai Ayatul Kursiyyu karo na bakwai, jikin Safiyya ya sandare, fitila ta yi ƙasa kamar an hura ta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai tsamiya. Tun ba a shata titin nan ba muke wurin. Kakan wannan mutumin ko 'ya'yan tsamiyar zai kaɗe sai ya yi mana sallama. Shi kuwa ya sa gatari, jikata tana barci a kan reshe. Har yau ba ta taka ƙafarta."

"Yarinyar nan ba ita ta sare ba. Abin da kike yi zalunci ne, kuma Allah ya haramta shi a kanmu da ku."

"Jingina na riƙe. A wurinsa na koya."

Malam Maje ya miƙe, rabi tsoro rabi fushi. "Filin nan nawa ne! Gado ne, ina da takarda!"

Bakin Safiyya ya yi wata dariya wadda ba tata ba. "Takarda? Ta gidan da kake tsaye a ciki ma tana durowar Isyaku."

"Zauna, Malam Maje," in ji malamin. Ya juya ga yarinyar. "Me zai fitar da ke?"

"Shagunan duka biyar."

Malam Abdullaɗif ya koma karatu, ya ɗaga murya, har gumi ya jiƙa masa riga, har muryar mai tsamiyar ta koma kuka irin na tsufa.

"Ɗaya! Ɗaya ya isa. Wanda ke kan gindin tsamiyata."

"Ki ɗauki na ƙarshe," in ji Malam Maje da sauri. "Ƙaramin. Zan yi masa fenti, zan sa ƙofar ƙarfe."

"Ku kuke ce masa shagon kwana, ko ba haka ba? To, ni wurin kwana nake nema. A rufe shi, kada a ba kowa haya, kada a sa kaya. A dasa tsamiya a gabansa. Ranar da inuwarta ta rufe ƙofar, ku buɗe abinku."

Malam Maje bai buƙaci littafi ba. Ana binsa dubu ɗari biyar da ashirin nan da kwana goma sha tara. Shaguna huɗu za su kawo dubu ɗari uku. Tsamiya kuwa ba ta san wa'adin kwana casa'in ba, tana iya cin shekara ashirin kafin ta yi inuwar kirki. Ya dubi Huraira, ya dubi wuyan 'yarsa da ya rame har ƙashi ya fito.

"Na yarda," ya ce.

"Faɗi sau uku, mai lissafi."

Ya faɗa. Malamin ya sa mai tsamiyar ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba. Safiyya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Inna, ƙishirwa."

Washegari Malam Maje ya mayar wa Madam Clementina kuɗinta. Labari ya riga ya zagaya Gyadi-Gyadi, babu wanda ya yarda ya sayi ko da shago ɗaya a jerin, banki kuma ya ce a dawo bayan an duba. Ya je wurin Alhaji Isyaku da dubu ɗari ukun 'yan haya a hannu, ya roƙi ƙarin wata biyu.

"Haba, Malam," in ji Alhaji, yana jan carbi. "Kai fa ka koya mana lissafi. Casa'in ai casa'in ce."

A kan giɓin dubu ɗari biyu da ashirin aka karɓe gidan da ya haura miliyan ɗaya. Ba a sayar an ba shi ragowa ba, ba a kira mai ƙiyasi ba. Wannan ba ciniki ba ne, ƙwace ne da sa hannu, kuma takardun koke goma sha ɗaya da Malam Maje ya rubuta, kowace da kwanan wata da kwafi, suna nan suna jiran wanda zai amsa.

Suka koma ɗaki biyu na haya a Darmanawa. Safiyya ta warke sarai, ba ta tuna komai, iyayenta kuma ba su faɗa mata ba. Wata rana da safe ta raka mahaifinta Gyadi-Gyadi, ta tsaya tana kallonsa yana zuba ruwa a gindin wani ɗan tsiro da aka kewaye da bulo, a gaban shago mai kwaɗo biyu.

"Baba, muna biyan haya a gidan mutane, ga babban shago a rufe. Me ya sa ba za mu ba da shi ba?"

"Akwai mai shi a ciki."

Ta yi dariya. "Nawa take biya, ko yake biya?"

Malam Maje ya ajiye butar, ya daɗe yana kallon fuskarta da ta ciko.

"Ta riga ta biya," ya ce.