Maganin Ranar Juma'a

Abin ya faro ne a watan Rajab na shekarar da Muhsina ta fara koyarwa a makarantar 'yan mata da ke Bebeji. Ta je asibiti a gwada mata sukarin jini, kamar yadda ta ɗora wa kanta tun bayan da ciwon suga ya ɗauke mahaifiyarta. Sabon ma'aikaci ta tarar a ɗakin gwajin, dogo, mai sanyin magana, da suna Nazifi a aljihun farar rigarsa.

Ya soki ɗan yatsanta, ya dubi na'urar, sannan ya dube ta.

"Malama, jininki lafiya lau. Me kike ci a gida?"

"Tuwo da miya. Duk wani abu mai zaƙi na bar shi, har dabino."

Tana rufe baki idonta ya faɗa kan wata 'yar roba a gefen teburinsa, da yankan tuwon madara a ciki.

"Wannan na wane ne?"

"Nawa ne. Ai yau Juma'a."

"Kana gwada wa mutane suga, kana cin suga?"

"Ina ci, amma ba kullum ba, kuma ba cin ƙoshi ba. Sauran kwanakin ga wake, ga zogale, ga tafiyar ƙasa daga nan har gida."

Ta fita tana raya wa ranta cewa wanda ke wasa da lafiyarsa ba a amince masa da ta wani.

Bayan ƙaramar salla ya bayyana a zauren gidansu, da iznin mahaifinta Malam Sale, mai fataucin hatsi tsakanin Bebeji da Riruwai. Duk ranar Juma'a bayan la'asar yakan zo, ya ajiye ɗan ƙunshin tuwon madara a gefen tabarma. Ita kuwa takan mayar masa da shi yadda ya kawo, tana nazarin fuskarsa ko za ta gano abin da yake nufi.

Wata Juma'a ya ce, "Malamata, gaya mini laifin da wannan bawan Allah ya yi miki."

Ta dubi ƙunshin. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ya fito. Ummanta, Saude, ita ke yi wa amaren unguwar alkaki da nakiya. A jinyarta ta ƙarshe ta roƙi Muhsina alkaki ɗaya, Muhsina ta ɓoye ta ba ta. Ba a daɗe ba ta rasu.

Nazifi bai yi garaje ba. "Allah ya jiƙan Umma," ya ce. "Ciwon da ya shekara da shekaru yana cin jiki, ba alkaki ɗaya ke ƙarasa shi ba. Kin ba mahaifiyarki abin da ranta ya so, kwana kuma na Allah ne. Gadon ciwon gaskiya ne, don haka ki riƙe gwaji, ki riƙe ganye da motsa jiki. Amma ba a ce ki yi wa bakinki takaba har abada ba."

Ranar ta gutsiri kaɗan. Ta jira nadama ta taso mata, sai ta ji ɗanɗanon madara kawai, da hawaye masu ɗumi.

Daga nan saƙonni suka buɗe.

"Hasken idona, kin sha maganinki? Kada ki wuce yanka ɗaya. Na Juma'a mai zuwa yana kan wuta, na musamman ne."

"Na sha, Likita. Yana aiki fiye da yadda na zata."

Ba likita ba ne, ita ce ta laƙaba masa don tsokana. Wannan saƙon nasa ne ya haska a wayarta, tana caji a ɗakin Gwaggo Tasalla, ƙanwar Malam Sale da ke riƙe da gidan tun rasuwar Saude. Gwaggo ta yi yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙi da wasali sarai.

Ta kira Muhsina ta zaunar da ita. "Wane magani yake ba ki?"

"Gwaggo, tuwon madara ne. Wasa yake yi."

"Wasa? Yarinyar da ko rake ba ta sha, rana tsaka ta koma cin alawa, tana yi wa waya murmushi ita kaɗai. Na bincika. Can Ba'awa yake zuwa, rugar wata Hasiya, kuma nasa daban ake dafa masa, ba ya cikin na talla. Me ake sawa a tukunyar da ba a sawa a ta jama'a? Mu da muka ga jiya mun san barbaɗe in mun gan shi."

A makon ne magabatan Nazifi suka shirya kawo gaisuwar iyaye. Gwaggo ta aika musu cewa a dakata har mai gida ya dawo daga Riruwai.

Muhsina ta san babu mai cutarwa sai da iznin Allah, ta kuma ƙara riƙe addu'o'in safe da yamma. Duk da haka maganar ta sami wurin zama a ranta. Me ya sa ya nace da ƙunshin nan alhali tana mayar masa? Me ya sa ake ware tukunyarsa? Wace ce ma Hasiya? Ta rubuta masa:

"Ka gaya mini gaskiya. Me ya sa kake ce masa magani?"

Amsa ta zo: "Kalmar ba tawa ba ce, Malamata, amana ce. Ki yi mini haƙuri har mai ita ya ba ni izni."

Wato akwai wani a bayan maganar. Ta kife wayar. Da Juma'a ta zagayo ta ƙi fitowa, aka mayar masa da ƙunshinsa a bakin zaure.

Malam Sale ya dawo, ya saurari ƙanwarsa har ta dasa aya, sannan ya sa aka kirawo Nazifi. Suka zauna a zaure, ƙunshin tuwon madara a gabansu, Gwaggo a bakin ƙofar ciki, Muhsina a bayanta cikin mayafi.

"Ya fara ci a gabanmu," in ji Gwaggo.

Nazifi ya yi bismilla ya ci.

"Ai mai magani ba ya rasa makari."

"Miƙo nan," in ji Malam Sale. Ya ɗauki yanka ya tauna a hankali. "Ba shi da zaƙi sosai."

"Shi ya sa ake dafa shi daban, Baba. Na roƙi Inna Hasiya ta rage sukari, ta yanka ƙanana. Ƙawar kakata ce. Kullum sai ta yi mita, wai ina ɓata mata suna a sana'a."

"To kalmar fa?" Gwaggo ta tare shi. "Magani dai magani ne."

Nazifi ya dubi Malam Sale. Malam Sale ya yi gyaran murya.

"Tasalla, kalmar tawa ce. Na je a gwada mini hawan jini, hira ta kawo hira. Na ce masa 'yata ta ɗauki cutar uwarta ta ɗora wa kanta, ta rame, ta hana gidana ko ƙamshin alkaki, in da magani ya nema mata. Na kuma ce kada ta ji, don na san halinta." Ya juya ga Nazifi. "Sai dai magani na ce ka nema mata, ban ce ka neme ta ba. Da ka zo neman iznin zance sai da na sa aka bi mini asalinka har garinku Kiru."

"Ai ka ga irinta, Yaya," in ji Gwaggo, muryarta ta sauka. "Ka ƙulla abu a asibiti, ka bar ni ina zargin tsohuwar mutane." Ta miƙa hannu ta ɗauki yanka ɗaya, wai don ta tabbatar.

Muhsina kaɗai ce ba ta saki fuska ba. Da manyan suka shige ciki, ta tsaya daga nesa.

"Ashe aike aka yi ka. Tausayi ne ya kawo ka."

"Ƙunshin aiken Baba ne, na yarda. Amma tun ranar da kika harari robata na tambayi gidanku, kafin Baba ya taka asibitin. Kuma wanda aka aika ba ya dawowa bayan an kore shi sau da yawa haka. Magani na Baba ne, zancen nawa ne."

Ta nemi alamar ƙarya a fuskarsa, kamar yadda ta saba nema tun farko, ba ta samu ba.

"Saura nawa a ƙunshin?" ta tambaya.

"Ɗaya. Gwaggo ta yi bincike mai zurfi."

Aka ɗaura aure bayan babbar salla, ranar Juma'a. Inna Hasiya ta zo daga Ba'awa da ƙwaryar tuwon madara, Gwaggo Tasalla ce ta tare ta, ta shimfiɗa mata tabarma da hannunta. Da za a kai amarya, Malam Sale ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya da lafiyar jiki, ya jiƙan wadda ta haife ki." Mata suka amsa da amin.

A cikin kayan ɗakinta akwai tsohon kaskon suya na Umma Saude, wanda ta daɗe da kifewa a ƙarƙashin gado. Nazifi ya gan shi da safe, wankakke, a kan murhu.

"Amaryata, wannan fa?"

"Ranar Juma'a zan soya alkakin Umma," in ji Muhsina. "Zan ci ɗaya, ka ci ɗaya, sauran a kai wa maƙwabta."