Ɓerayen Jan Murfi

Sai da Sufeto ya sa aka maimaita masa ƙarar kafin ya ajiye waya. An yi sata a cibiyar bincike, kuma abin da aka sace ɓeraye ne. Shi dai a saninsa ɓera ne ke sata. Da wani zai zo ya kwashe na kicin ɗinsa, har ƙofar gida zai raka shi da godiya.

Dakta, mai binciken, ta tare shi a ɗakin dabbobi idonta jawur. Rabin kantar ɗakin cike yake da kejin fararen ɓeraye, kowanne an aske masa baya an manna wata siririyar leda a kan ɗan rauni. Ɗaya rabin wayam.

Ta yi masa bayani, ya riƙa gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba. Rauni ba ya warkewa sai ƙananan jijiyoyin jini sun tsiro a cikinsa kamar saiwar gero, shi ya sa gyambon mai ciwon suga ke daɗewa. Ita kuwa ta samo wani man shafawa da take zaton yana tsiro da su. Dole ta duba raunukan kafin su rufe, don da zarar sun rufe jijiyoyin sai su janye. Hukumar cibiyar kuma ta ce wannan ne gwaji na ƙarshe. In ɓerayen ba su dawo ba, aikin shekarunta ya tafi.

"Waɗanda aka sace su ne masu maganin?"

"Ban sani ba."

"Ba ke ke shafa musu ba?"

"Ni ce. Amma aikin makanta muke yi."

Sufeto ya dubi idanunta, ya ga lafiyarsu lau. Ashe nufinta kwalabe biyu ake ba ta, mai jan murfi da mai shuɗi, ɗaya da magani, ɗaya mai ne zalla, kuma ba a gaya mata wanne ne wanne don kada son zuciya ya shiga awo. Mai haɗa magani kaɗai ya sani, wanda kowa ke kira Auta, shi kuwa yana hutun jinyar mahaifiyarsa. Ɓerayen da ake shafa wa na jan murfi aka kwashe kaf.

Ba a fasa ƙofa ba. Abin da ya ƙara ɗaure wa Sufeto kai shi ne ɓarawon ya haɗa da buhun abincinsu da kwalaben ruwansu. Bai taɓa ganin ɓarawo mai tausayin kayan sata haka ba.

Dakta ta zargi Farfesa, shugaban sashen, wanda tun farko bai so aikin ba. Farfesa ya rantse ba shi da makullin ɗakin, ga makullin kuwa yana lilo a zoben makullan motarsa. Sufeto ya ja shi har gaban keji. Wani ɓera ya miƙe tsaye, Farfesa ya yi baya har ya ture bokiti. Maƙaryaci ne, amma wannan ba zai ɗauki keji ba.

Maigadi ma ya ce ranar hutun da aka yi satar bai motsa daga ƙofa ba. Da aka ambaci caji ofis sai ya tuna ya ɗan leƙa gida cin abincin rana, kuma da dawowarsa ya hangi motar Auta tana fita.

Auta ya karɓi Sufeto a falo da fara'ar dole, ya ce tun da ya ɗauki hutu bai taka cibiyar ba. Innarsa na zaune ta miƙe ƙafa a kan matashi, ta yi wa baƙo sannu da zuwa, ta ce ƙafar da sauƙi, Allah ya yi wa Auta albarka. Sufeto ya duba ƙafar. Siririyar ledar nan ce ta bayan ɓeraye manne a kan gyambon.

Yana cikin juya wannan a ransa sai tsohuwar ta kama ƙorafi a kan kyanwarta. Ta daina cin abinci, ta tare a ƙofar sito ba ta ko ƙiftawa, ko aljanu ne oho.

"Buɗe mana siton," in ji Sufeto.

Auta bai yi gardama ba. Kejin na jere a ciki, an share, an zuba ruwa, har fanka ya kunna musu.

Sufeto ya kira Dakta a waya, ta iso a guje, ta durƙusa tana duba bayan ɓerayen. Raunukan ba su rufe ba. Ta fara hamdala, Auta ya katse ta.

"Kada ki wahalar da kanki, Dakta. Babu magani a jikinsu."

Kansa a ƙasa ya faɗi sauran. Likitoci sun fara maganar yanke ƙafar Inna, ga magani a hannunsa. Ya kawo shi gida, ya cika kwalaben biyu da mai zalla. Da lokacin awo ya matso sai ya ga abin da zai biyo baya: za ta duba ta ga babu bambanci, ta rubuta da hannunta cewa maganinta ba ya aiki, a binne shi. Gara a ce sata ce ta ɓata gwajin, wataƙila a ba ta damar sakewa.

Sufeto ya tsaya riƙe da ankwa, ya rasa gane ko cutarta mutumin ya yi ko rufa mata asiri. Ɓerayen da aka aike shi nema ga su, amma ba su da sauran amfani. Tausayi ya kama shi, na su biyun. Ya mayar da ankwar aljihu saboda idon tsohuwar, ya ce wa Auta ya wuce gaba.

Sun kai bakin ƙofa Dakta ta sha gabansu.

"Gyambon Inna ya yi ja? Nama ya tsiro?"

"Ya tsiro. Ya kusa rufewa."

"To maganin ne?"

"Ban sani ba, Dakta. Lokacin ne kuma asibiti suka canza mata allura."

Dakta ta zauna a dakalin ƙofar ta rufe fuska da gyalenta. Daga falo Inna ta ɗaga murya tana cewa Auta ya dawo da wuri, lokacin wanke ƙafa ya kusa.