Hasumiyar da ba ta da ƙofa a ƙasa

Ku matso. Ladidi, bar wannan gyaɗar, ƙararta ta ishe ni.

Kun san tsohuwar hasumiyar dutse da ke kan tsaunin bayan gari? Kawunmu Barmo magini ne, kuma Allah ya jiƙansa, akwai taurin kai. Zai yi harsashin ɗaki, ya ce ga dutse sassaƙaƙƙe a banza, me zai kai shi fasa sabo?

Ginin nan ba shi da ƙofa a ƙasa. Ƙofarsa tana can sama, sai da tsani. Mutanen da kan hau su janye tsanin. Kawu bai tsaya neman tsani ba. Ya riƙa zare duwatsu daga gindin bango yana kaiwa gida, har ya huda rami.

Wata ranar, gab da magariba, ya leƙa ta ramin ya shiga.

Sanyi a ciki. Rijiya a tsakar ƙasa, baƙi ƙirin. Matakala siririya ta nannaɗe bango kamar katantanwa. Ya hau. Tagogin harbin kibiya sun ba shi mamaki. Ba waje suke kallo ba. Duk rijiyar suke kallo.

A sama ya tarar da wani tsoho zaune, baka a cinyarsa. Kawu ya yi sallama.

"Kai ne ka buɗe mana ƙasa?"

Muryar ba daga bakin tsohon ta fito ba, daga bango ta fito. Kawu ya sunkuyar da kai, sai ya ga ƙafafun. Daga gwiwa zuwa ƙasa dutse ne, sun haɗe da daɓen.

"Baba, dutse kawai na ɗiba."

"Ka ɗauka don abokan gaba muka ɗaga ƙofa? Abin da ke rijiyar nan ba ya iya matakala. Jan ciki yake. Shi ya sa."

Can ƙasa, ruwa ya motsa.

"Ka toshe kafin duhu. In ya fita, gidan da duwatsun suke zai fara nema."

A gidan kuwa akwai Inna, matar Kawu, da jaririyarta, jaririyar nan ita ce uwarki, Ladidi.

Kawu ya sauko da gudu. Sai da ya raɓa bakin rijiyar kafin ya kai ramin, wani abu jiƙaƙƙe ya shafi diddigensa. Bai duba ba. Ya fita, ya ruga gida, ya tone harsashinsa, ya ɗora wa jaki. Ya koma hasumiyar, yana jera dutse a ramin yana jin numfashi ta ɗaya gefen. Faratansa suka ɓare. Da ladan ya ɗaga murya, saura gurbi ɗaya, kamar tafin hannu.

Ya lalube mangalar jakin. Babu. Ya cusa laka ya gudu.

Ni wallahi har yau tausayinsa nake ji. Ya rushe sauran ginin ɗakin nan yana neman dutsen, bai gane shi ba. Duk damina lakar kan zube, ya koma ya liƙe, har ya rasu. Tun daga nan ba wanda ya hau. Don haka kada in ji ɗayanku ya bi hanyar tsaunin shi kaɗai.

Duwatsun ɗakin da ya rushe kuwa, da su aka yi dakalin nan da kuke zaune.

Ladidi, me ya jiƙa miki zane?