Muryar Ɗan Gida

"Assalamu alaikum, ya ammi. Barka da hutawa."

Da Larabci ya kira ni baffa, ya ƙarasa gaisuwar da Hausa. Finjalin gahawa ya karkace a hannuna, ta zubo mini a riga, ban ko ji zafinta ba.

Bayan la'asar ne, ina zaune a rumfar ƙofar gida. Ɗiyata Sabah, autata, ta ce mai sonta zai zo ya gaishe ni kafin ya turo manyansa. Ga shi ya zo, dogo siriri cikin farar jallabiya, ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Fuskar ban santa ba. Amma muryar... shekara biyu ke nan tana kwana cikin kaina.

"Sunana Izzuddin, ya ammi. Daga Sinnar."

"Mi kake yi a Sinnar?"

"Talla nake rubuta wa 'yan kasuwa, su sa a waya. Wani lokaci in karanta musu da baki."

Na dube shi ido cikin ido, na ce a hankali, "Inna, ɗanki ne ke magana. Kwalba uku kacal, ki yi bankwana da allura har abada..."

Sai ya zube ƙasa a gabana.

"Tashi!" na ce. "Ɗauki takalminka!"

Matata Maijidda, Allah Ya jiƙanta, ta shekara tara da ciwon suga. Allurarta a cikin jiƙaƙƙen yashi muke binne ta, ƙarƙashin randa, don kada zafi ya ɓata ta. Da yaƙi ya toshe hanyoyi, allurar ta yi wuya. Wata rana in samu, wata rana in dawo hannu wofi, ita kuwa ta gaji da huda cinyarta.

Tallan magani ba sabon abu ba ne a wayarta. Kullum suna shigowa da Larabci, takan yi dariya ta ce, "Waɗanga ko jaki sai su sayar maka da sunan doki." Amma wannan da Hausa ya zo. Hausarmu ta gida, irin wadda kakanninmu suka taho da ita daga Sakkwato, wadda yaranmu na yanzu ke gudu. Ya kira ta Inna. Ya ce mutum dubu sun warke. Ya ce in ƙarya yake, kada a sake yarda da ɗan Bahaushe.

Takan kunna shi tana tsince wake, takan kunna shi bayan salla.

"Malam, ji bakin yaron nan," takan ce. "Wanga ɗan gida ne. Ɗa ba ya cutar uwa tasa."

Ta sha kwalba uku. Ta aje allura. Bayan kwana talatin da huɗu, a kan amalanken jaki, muna hanyar Abu Hujar neman likita, ta cika, kanta a cinyata.

Ina shiga gida na tarar da Sabah tsaye bayan ƙyaure, tiren shayi a hannunta.

"Baba, mi ya yi maka?"

"Kin san ko wane ne kika kawo mini?"

Ta kau da kai.

"Sabah! Da ke nake!"

"Na sani, Baba..."

"Kin sani?"

"Na sani tun ran farko."

Na zauna a kan turmi. "Wanda ya kashe uwarki? Duk samarin yankin Jazira da na bakin kogi, shi kika gani? Haba, Auta! Da wane ido za ki dube ta gobe ƙiyama?"

Ta aje tiren a ƙasa, ta durƙusa. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba.

"Baba, ka taɓa tambayar wa ya tura wa Inna saƙon?"

"Matan unguwa mana."

"Ni ce."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya.

"Ni na gan shi a wayar wata ƙawata. Na ce, Inna, ga sauƙi ya zo. Ni na buga lambar da ke tallan, shi ya ɗauka, na sayi maganin. Bayan arba'in ɗinta na sake bugawa don in zage shi, in tsine masa. Na zage shi har muryata ta dishe, bai kashe wayar ba. Sai na ji yana kuka... Kashegari ya kira ya tambayi sunanta, wai zai yi mata addu'a. Shekara biyu, Baba, shi kaɗai ne a duniya ya san abin da na yi. Shi kaɗai nake iya duba ban ɓoye komai ba."

"Mi ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Tsoro nake ka dube ni yadda ka dube shi yanzu."

Na tashi na fita. Ban ce mata komai ba, Allah Ya yafe mini. Ni ma akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ni na je tasha na karɓo kwalaben daga hannun direba. Na ɗaga ɗaya sama, na ga ba sunan likita, ba komai, sai hoton ganye. Zuciyata ta ce a'a. Amma na gaji da yawon neman allura, sai na yi shiru na kawo su gida.

Kwana uku gidan ba magana. Tana aje mini abinci, ina ci rabi. Idanunta sun kumbura. Na fara tsoron in wayi gari in ga ita ma ta narke a gabana.

Rana ta huɗu da hantsi ina ba albasa ruwa a gonata ta bakin kogi, sai ga shi. Ya tsaya a kan kunya, nesa da ni.

"Ban zo roƙon aure ba, ya ammi. Na zo ka tambaye ni duk abin da kake so."

Na jingina da fartanya. "Kai ka haɗa maganin?"

"A'a. Wani ɗan kasuwa ne. Tafasasshen ganye ne da ɗan zuma."

"Shi ya ce a aje allura?"

Ya sunkuyar da kai. "A'a... Takardarsa cewa ta yi yana taimaka wa mai suga. Mako biyu ba wanda ya saya. A sana'armu in ka ce abu yana taimakawa, ba mai tsayawa ya saurara, kowa ihu yake. Sai na ƙara. Ni na ƙirƙiro mutum dubun. Ni na ce da Hausa za a yi, don na san iyayenmu mata."

"Ka san su," na ce. "Shi ya sa ka kira ta Inna."

"Haka nake kiran tawa."

"Tana raye?"

"Tana raye, ya ammi."

"Ka ba ta ta sha?"

Hawaye suka gangaro masa har gemu.

"Na ɗauka kowa ya san talla talla ce," ya ce. "Na ɗauka za a rage rabi, kamar ciniki a kasuwa. Wallahi tun ran da Sabah ta kira na goge shi, na bar mutumin."

"Ka goge a wayarka. Makon jiya na ji shi ta bayan katanga, a gidan maƙwabcina. Tsohuwarsa ke saurare. Muryarka tana yawo gida gida, kai kana nan kana kuka a gonata!"

"To mi zan yi? Faɗa mini!"

"Fito da wayar. Da bakin nan da ka yi ƙaryar, da Hausar nan. Ka faɗi sunanka da na ubanka da unguwarku. Ka ce kai ka ƙaga."

Ya dube ni. Mu duka mun san abin da ke ciki. Ba ɗan kasuwar da zai sake ba shi aiki, kuma sunan ubansa zai shiga bakin mata daga Managil har Damazin.

Ya fito da wayar, ya danna wurin ɗaukar murya.

"Inna... ɗanki ne, Izzuddin ɗan Lukman mai ɗinki, na Sinnar. Na yi miki ƙarya. Ba mutum dubu, ko ɗaya ban gani ya warke ba. Don Allah kada ki aje allurarki. Wata uwa ta yarda da ni, sunanta..." Nan ya tsaya.

Ban san lokacin da na karɓe wayar ba.

"Sunanta Maijidda," na ce. "Ni ne mijinta, Hashim. Ni na ɗauko mata kwalaben da hannuna, ina shakka, na yi shiru. Ku tura wanga saƙo duk inda kuka tura na farko."

Na miƙa masa ya tura. Muka tsaya, ruwa na bin kwarin albasa, ba mai duban wani.

Kafin in isa gida saƙon ya riga ni. Sabah na zaune a tsakar gida, waya a cinyarta.

"Baba... kai ma?"

"Ni ma, Auta."

Ta taso da gudu ta faɗa jikina kamar lokacin da take ƙarama. Muka yi kukan da ba mu yi tare ba ranar jana'iza.

"Na ce masa ya turo manyansa ran Juma'a," na ce. "Amma ki faɗa masa, in ya zo gaishe ni ya yi da Larabci tukuna. Hausarsa har yanzu ba na iya ji."

Ta gyaɗa kai tana share ido da gefen mayafi. "Kana ganin Inna za ta yafe mana?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Sai mu yi ta roƙo, mu uku."