Mai Gari a Cikin Rijiya

A wani zamani an yi wani mai gari da yake ji da kansa wajen lissafi. Da fari ya tsananta, jama'a suka ce a haƙa rijiya, ko a ƙofar gidansa ko can a fadama.

Ya ce, "Ƙofar gidana ga kusa, ga inuwa, ga baƙi za su yaba. Uku ke nan. Fadama fa?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ruwa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ɗaya tak! Uku ta fi ɗaya."

Aka yi ta haƙa, aka yi ta haƙa, babu ko danshi. Mai gari ya ce ragwanci ne, a zura shi ya gani da idonsa. Yana dira, jama'a suka naɗe igiyarsu suka nufi fadama. Kafin la'asar sun cim ma ruwa.

Ya yi ta ihu har maƙogwaronsa ya bushe. Can tsohuwar ta leƙo.

"Ranka ya daɗe, igiyar ɗaya ce. Me za mu fara jawowa, kai ko ruwa?"

Ya lashi busasshen leɓensa.

"Ruwa, Iya. Amma ku yi sauri."