Sandunan Gora a Tsakiyar Kogi

A can wani zamani an yi wani masunci da ya gaji kwale-kwale daga mahaifinsa. Wata safiya ana tsananin sanyi, sai ya shiga wani kogi da bai taɓa bi ba, da niyyar ya kai ziyara ya dawo da yamma.

Wata tsohuwa mai bandar kifi a bakin ruwa ta ce, "Ɗana, zo ka ji ɗumi, in gaya maka halin kogin nan."

Ya ce, "Iya, ruwa ai ruwa ne." Ya wuce.

Wani dattijo mai gyaran taru ya yafuto shi. Masuncin ya ce, "Baba, ruwa ai ruwa ne." Ya wuce.

Can ya hango sandunan gora kakkafe a tsakiyar kogi. A garinsu gora hanya take nunawa, don haka ya nufe su kai tsaye. Ashe a nan inda duwatsu suke ɓoye ake kafa su. Kwale-kwalen ya daki dutse, ya dare gida biyu.

Da ƙyar masuncin ya fita da iyo. Ya tako har wurin tsohuwar, haƙoransa na kaɗawa, filafili kaɗai a hannunsa. Ta matsa masa kusa da wuta.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, yanzu gaya mini."

Ta ce, "Dama magana ɗaya ce, ɗana. Ka guji gora."